Inna Shafa'atu Ba Ƙamus Ba Ce

Wankan jego ne ya kawo Inna Shafa'atu Alƙahira. Ɗanta Iliya ya zo karatu, ya gama, ya zarce da aikin tafinta: shi ne mai raka marasa lafiyar da ke zuwa daga gida, ya tsaya tsakaninsu da likita yana juya magana. Ya auri wata Bamisriya mai suna Eman, Allah ya ba su 'ya mace. Da labari ya isa ƙauyensu a ƙasar Gumel, Inna ta ƙulle kanwa da ganyen darbejiya a gefen zane, ta hau jirgi karon farko a rayuwarta. Ta iso unguwarmu Ard al-Liwa, ta hau benen nan namu har hawa na biyar tana haki, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a nuna mata inda ake hura wuta.

Eman ta leƙa tukunyar da surukarta ta ɗora, ta ga ruwa yana tafarfasa, ta tambayi mijinta ko kaza za a fige. Da aka yi mata bayanin cewa ita ce kazar, sai ta sungumi jaririyarta ta kulle kanta a ɗaki har la'asar.

Wankan dai bai yiwu ba. Inna kuma ba ta koma ba. Ta ce ba za ta bar jikarta a hannun mutanen da ke tsoron ruwan zafi ba. Jaririyar nan, Fauziyya, yanzu ta kai ta tsefe kanta da kanta, Inna tana nan.

Ni a ƙarƙashinsu nake zaune, don haka na san ta ta hanyoyi biyu: takun ƙafarta a saman kaina, da kwandonta. Ta koyi dabarar matan Masar ta zuro kwando da igiya daga baranda, mai kanti ya zuba kaya a ja sama. Kullum kwandon nan sai ya wuce ta gaban tagata, wani lokaci ya ɗan tsaya, in duba in ga ƙosai mai zafi a takarda. Larabcinta bai wuce na kasuwa ba. Ta san "yalla", wato a yi sauri, ta san "khalas", wato shi ke nan, ta san yadda ake harara da Larabci, wanda shi ne rabin yaren unguwarmu. Sauran kuwa ta ce duk mai son magana da ita ya koyi Hausa, ai ita ce babba. Kuma an koya. Mai gadin benenmu, Basa'ide ne daga can kudancin Masar, yanzu in ka gaishe shi sai ya ce maka "Lafiya lau, ya gajiya."

Abu guda ne ko maƙwabta Larabawa sun san shi game da ita: ba ta faɗin sunan ɗanta. Iliya ɗan fari ne, ita kuwa mutuniyar da ce, alkunya a jininta take. "Wannan" take ce masa. In ta ji daɗinsa, "yaron nan". In ya ɓata mata rai, "mutumin nan naku". Ko wani Iliyan daban aka kawo mata, "mai sunan wannan" ne.

An taɓa zuwa sabunta mata takardar zama. Ma'aikacin ya tambaye ta wa take zaune a wurinsa, kuma Iliya ne da kansa ke tafinta.

"Inna, cewa ya yi ki faɗi sunana."

"Ka faɗa masa mana. Bakinka ciwo yake?"

"Daga bakinki yake son ji."

"Ka ce masa ni na haife ka. Ban hawo jirgi na keto gajimare don in zo in yi rashin kunya a gaban baƙo ba."

Layi ya yi tsawo a bayansu, ana ta "yalla ya Hajja". Inna ta gyara mayafi ta tsaya kamar an dasa ta. Daga ƙarshe ma'aikacin ya dube ta, ya dubi Iliya, ya ga hancin iri ɗaya ne, ya ce "ma'alish", wato ba komai, ya buga hatimi.

To wannan ce matar da aka ɗauko don ta yi wa yara tatsuniya.

Iyayen yara Hausawa, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai masu iyali, sun kama wani ɗaki a unguwar Dokki inda ake tara yara kowace Asabar ana koya musu Hausa, don kada kaka ta kira daga gida a tsaya ana kallon waya. Mai kula da ajin shi ne Malam Badamasi, mutumin Funtuwa, yana karatun digirinsa na uku. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko tuk-tuk, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya taka masa ƙafa shi zai fara ba da haƙuri. Shi ya hau benenmu ya roƙi Inna ta riƙa rufe musu ajin da tatsuniya.

Ta ce, "Da rana tsaka? A garinku haka ake yi?"

Ya ce yara ba sa samuwa sai da rana. Ta ce to a samo labule mai kauri. Ranar farko ta sa aka ja labulen, aka kashe fitila, ta ce wannan daren aro ne, kowa ya riƙe shi da mutunci. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ni ina can baya, don ni nake kai 'yar ƙanena ajin.

Ba ta kawo musu tatsuniyar dariya ba. Ta kawo wadda kakarta ta ba ta, mai sa mutum ya matsa kusa da na kusa da shi.

"Wani gari ne rijiyarsa ta ƙafe," in ji ta. "Mutane suka kwashe kayansu suka koma bakin hanya, suka bar kufai. A cikinsu akwai wata mata da 'yarta Hansatu, 'yar fari. Rannan uwar ta ce, 'Ke 'yar nan, na manto mazarina a cikin taskira, bari in koma in ɗauko.' Ta tafi. Hantsi ya yi, ba ta dawo ba. Rana ta take, ba ta dawo ba. Sai Hansatu ta bi sawu.

"Ta shiga kufai. Danga ta kwanta. Jinka ta rufta. Turmi a kife. Ta taɓa tokar murhu, ta ji ta da ɗumi. Mujiya na zaune a kan rumbu da rana tsaka, ido biyu. Ta isa ƙofar ɗakinsu, ta ga tumfafiya ta fito a tsakar ɗaki har ta yi fure. Daga bayan tumfafiyar tana jin mazari yana juyawa, firrr, firrr. Sai ta ji muryar uwarta, sak, babu inda ta bari. Muryar ta ce: 'Hansatu. Shigo.'"

Inna ta tsaya nan. Ta buɗe hannu tana jiran ihu.

Ni dai gashin jikina ya tashi, ban ɓoye ba. Yaran kuwa suna kallonta kamar mai karanta musu sanarwa. Mahir, ɗan wani mai sayar da yadi, ya ce, "To sai ta shiga mana. Ba mamarta take nema ba?"

Wata yarinya mai suna Samar ta ɗaga hannu. "Inna, kufai ya'ani e?" Wato me ake nufi da shi.

Wani ya ce mazari fa? Wata ta ce tumfafiya dabba ce? Fauziyya, jikar mai tatsuniya, ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta, irin na wanda kakarsa ke ba shi kunya a cikin mutane.

Inna ta ƙarasa a gurguje: Hansatu ta juya ta zura da gudu ba waiwaye, ta iske uwarta ta gaske a gida, ta biyo wata hanya. Abin nan kuwa yana can har yau yana kaɗi, yana kiran 'ya'yan fari. Yara suka tafa, don an koya musu tafi. Inna ta tashi ta kakkaɓe zane ta fice.

Asabar ta zagayo, ta sake ba su ita. Wadda ta biyo, ita dai. Kalma ɗaya ba ta canza ba, kalma ɗaya ba ta fassara ba. Duk wanda ya ce "ya'ani e", sai ta ce, "Buɗe kunne." Har ta kai Mahir yana riga ta faɗin "firrr, firrr", aji ya fashe da dariya. Wasu yaran suka fara ciwon ciki ranar Asabar, ciwon da ke warkewa da zarar azahar ta wuce.

Malam Badamasi ya sake hawa benenmu, ya biya ya ɗauke ni don in zama shaida, ko kuma garkuwa. Muka tarar da ita tana tsince shinkafa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, tatsuniyar nan ta yi kyau. Ni kaina ranar farko sai da na yi ta'awizi. Amma yaran nan a Masar aka haife su. Da za ki riƙa ɗan tsayawa, in kin ce kufai ki ce wato garin da aka tashi aka bari. In kin ce mazari ki ce abin kaɗa zare. Shi ke nan."

"In tsaya a tsakiyar kufai in buɗe makaranta?"

"To ko a sauƙaƙa. A ce tsohon gida. Muryar nan kuma, tunda ba su gane abin da ke cikinta ba, a ba ta wata alama. A ce ta leƙo da jan ido, ko an ga kofato a ƙafarta."

Inna ta ajiye faranti. "Kofato. Malam, jaki ma yana da kofato, wa ya taɓa gudunsa? Abin nan ba shi da jan ido, ba shi da ƙaho. Muryar uwa gare shi, mai daɗi. Kuskure ɗaya ya yi. Wanda ya ji kuskuren nan da kunnensa, shi ne ɗan gida. Wanda sai an nuna masa da yatsa, an ce ga wurin jin tsoro nan, dariya zai yi. Kai wa ya fassara maka?"

"Ba kowa."

"To ni ma ba ƙamus ba ce."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce iyaye sun yi magana. Ranar rufe zango za su zo su zauna a ajin. In yara sun bi tatsuniyar, Inna ta ci gaba. In kuwa an sake kallon-kallo, za a ba da lokacin ga karatun littafi, don ba za a riƙa tara yara suna hamma ba. Ya faɗa a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar wani.

Ta ce, "Ku karɓe. Da in yanka ta gunduwa-gunduwa in ba su a baki, gara in koma da ita kabari ɗungurungum."

Ta faɗi haka, amma na san abin da Asabar ɗin nan take a wurinta. Tun daren Juma'a take fitar da zanen da za ta ɗaura. Mace ce da ta bar ƙawayenta da gonarta da kaburburan iyayenta, ta zo ta zauna a hawa na biyar, a garin da ko sallamarta sai an maimaita. Wuri ɗaya ne a duk Alƙahira da ake yin shiru in ta buɗe baki.

Muna kan tashi ta ƙara da cewa, "Ni ba a gaya mini kufai ba. Gani na yi. Garin da aka haife ni ne ya tashi. Na koma da girmana na tarar da tumfafiya a inda gadon uwata yake."

Malam ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Allah ya jiƙan su, Inna. Ke kin gani. Su a ina za su gani? A Dokki?"

Ta mayar da ido kan shinkafarta. Na daɗe da sanin Inna, ban taɓa ganin an bar ta ba amsa ba sai ranar.

A gida ma ba ta huta ba, ina jiyo su ta silin. Fauziyya ta ce, "Inna, ni kaɗai ki gaya mini, wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Me ya sa ta gudu?"

"Ƙafa gare ta."

"Inna mana!"

"Ke da kike cewa kin fi ni ilimi, kina da Turanci kina da Larabci? Nemo."

Iliya ya sa baki, aka ce masa mutumin nan ya je ya yi wa likitoci tafinta, nan ba asibiti ba ne. Eman kuwa ta gane tun tuni. Shekara da shekaru tana jin "wannan" a gidanta, kuma ta ce su ma a wajensu namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a cikin maza, don haka abin bai zame mata baƙo ba. Tausayin 'yarta ya kama ta, ta ce da Hausarta ta kicin, "Hajja, ni gaya mata kaɗan bas."

Inna ta ce, "Ki gaya mata. Ruwan nan da kika guje wa yana nan, ban zubar ba. Yau sai in ɗora."

Eman ta koma kicinta.

Maganar Malam dai ta zauna mata. Kwana biyu kwando bai tsaya a tagata ba. Sai wata safiya, tana tsallake gadar ƙafa da ke kan layin dogo, ta hango wani abu a bayan wani rusasshen gini: ganye mai faɗi, fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ta sauko ta zagaya, ta ratsa ta cikin shara da karnuka, ta same ta. Tumfafiya ce, ta fito a tsakiyar abin da dā ɗakin wani ne, har da sauran shuɗin fenti a bango. Ashe har a Masar tumfafiya tana bin inda mutane suka tashi.

Ta tono ƙarama da wuƙar kicin, ta dasa a gwangwanin man girki. Hussain mai tuk-tuk, wanda ya saba ɗaukar ta, ya ga farin ruwa yana ɗiga daga ganyen, ya ce wannan ba za ta shiga motarsa ba, makanta take sa wa. Inna ta ce masa da Hausa ai ba a idonsa za ta dasa ba, ta shiga ta zauna da abinta a cinya. Ya tuƙa yana salati.

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa. Ta ajiye gwangwanin a tsakiyar ɗakin, daidai inda ake wucewa. Yara suka shigo suna kewaye shi. Mahir ya yi tuntuɓe da shi. Suka zauna.

Samar ta ce, "Inna, wannan mene ne?"

"Tumfafiya."

Suka matso suna leƙe. Ashe ba dabba ba ce.

"Me ya sa aka sa ta a hanya? A kai ta baranda mana."

"A gidanku da ta fito a tsakar ɗaki, me mamarki za ta yi?"

"Ta cire ta tun tana ƙarama."

"To wadda ta girma har ta yi fure fa?"

Samar ta yi tunani. Ta ce a hankali, "Babu wanda zai cire." Ta dubi gefe da gefe. "Babu kowa a gidan. Tun da daɗewa."

Inna ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Daga ranar ba wanda ya sake tambayar ma'anar kufai. Har ma kalmar ta fita yawo: 'yar ƙanena ta dubi tsakiyar kaina, inda gashi ya yi ƙaura tuntuni, ta ce Baffa, nan ma kufai ne.

Malam Badamasi ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai ga shi an fara fassara. Inna ta ce ita ba ta fassara komai ba, shuka ta kawo. Mazari kuwa ta sa aka aiko mata daga gida ta hannun wani majinyacin Iliya, ta zauna a gabansu ta kaɗa, suka ji firrr ɗin da kunnensu, Mahir ya daina kwaikwayo. Amma babbar maganar tana nan. Duk lokacin da murya ta ce "Hansatu, shigo," sai yara su dube ta, su dubi juna. Wannan ba a tono shi a bakin layin dogo, ba a aiko shi a jaka.

Ranar rufe zango ɗaki ya cika. Iyaye a baya, mata da turarensu, maza suna ta duba waya. Aka yi karatu, aka yi gaisuwar Hausa, wani yaro ya ce wa mahaifinsa "ina kwana" da azahar aka tafa masa. Sannan aka ja labule. Iliya bai iso ba, an ce yana asibiti.

Inna ta fara. Ranar muryarta ta sauka ƙasa, sai ka karkato kafin ka ji. Danga ta kwanta. Turmi a kife. Toka da ɗumi. Wayoyi suka koma aljihu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ga tumfafiya, yara suka dubi gwangwanin da ke tsakiyarsu, wasu suka janye ƙafa.

"Sai muryar ta ce: 'Hansatu. Shigo.'"

Daga baya wata uwa ta ce, "Innalillahi!" Wani magidanci ya ja numfashi ta haƙori. Yara suka waiwaya gaba ɗaya. Ba su taɓa jin tatsuniyar tare da iyayensu ba, ba su san akwai abin da ke sa babba ya yi haka ba.

Mahir ya ce, "Baba, mene ne? Me ta ce?"

Uban ya buɗe baki. Malam Badamasi ma ya ɗan miƙe, da niyyar taimako. Inna ta ɗaga hannu ɗaya.

"Alhaji, rufe bakinka. Malam, zauna. Duk wanda ya faɗa, shi zai ƙarasa tatsuniyar, ni na tafi."

Suka zauna. Yara suna ta raba ido. Wani ƙarami ya yi hamma. Na dubi Malam, na ga yana kallon ƙasa, na ce a raina shi ke nan, Inna ta rasa Asabar ɗinta, kuma ta rasa ta a tsaye.

Sai ƙofa ta buɗe, haske ya faɗo cikin ɗakin. Iliya ne, da jakarsa a kafaɗa, yana sallama ƙasa-ƙasa.

Inna ta ce, "Kai wannan, rufe mana ƙofa. Ka shigo mana da rana."

Ya rufe. Fauziyya ta waiwaya. Ta bi mahaifinta da kallo har ya zauna, sannan ta dubi kakarta.

"Inna."

"Na'am, sarkin tambaya."

"Kullum 'wannan', kullum 'yaron nan'. Faɗi sunan Baba."

"Allah ya kiyashe ni."

"Kin manta ne? Tsufa ne?"

"Ni na goya shi, in manta? Ke dai da bakinki kamar na tsuntsu."

"To faɗi. Sau ɗaya."

"Ko za a ba ni Masar da abin da ke cikinta."

Fauziyya ta juya. "Baba, ta taɓa kiran ka da sunanka?"

Iliya ya yi murmushi. "Tun da na zo duniya ban taɓa ji ba."

"Amma tana faɗin sunan Baffa Harun. Tana faɗin na Gwaggo Aminat."

"Su ƙannena ne. Ni ne na fari."

Na ga lokacin da abin ya same ta. Bakinta ya ɗan buɗe. Ta dubi tumfafiyar. Ta ce, kamar mai magana da kanta, "Hansatu ma ita ce ta fari. Da safe mamarta 'ke 'yar nan' ta ce mata." Ta dubi kakarta. "Wadda ke cikin ɗakin ta faɗi sunan. Ba mamarta ba ce. Inna, ba mamarta ba ce! Wace ce a ɗakin?"

Inna ta sunkuyo, ta ce a hankali, "Firrr."

Ihun da aka yi, sai da mai gadin ginin ya hawo da gudu. Samar ta tsallake mutum biyu ta faɗa jikin uwarta. Mahir, jarumin aji, an same shi a cikin babbar rigar ubansa, ƙafafu kawai ake gani. Fauziyya ta ƙanƙame Iliya tana cewa, "Baba, in ta taɓa kiran sunanka ka gudu, ka ji? Kada ka shiga!" Inna ta jira suka lafa, ta ƙarasa tatsuniyarta daki-daki, ba gaggawa. Ba wanda ya tafa. Ta ce wannan ne tafin da take so.

Har yau tana rantsuwa cewa shigowar Iliya ikon Allah ne. Iliya kuwa ya gaya mini tun da safe ta ce masa kada ya kuskura ya zo da wuri, wai yana cika mata wuri. Na bar su, uwa da ɗa ne.

Bayan mako guda Malam Badamasi ya sake hawowa, ya sake biyawa ta wurina. Wannan karon da wani ƙorafin ya zo. 'Ya'yan fari a gidaje da dama sun daina amsa kira. Uwar Mahir ta kira shi daga kicin, ya fita ta ƙofar baya ba takalmi. Samar ta ce wa tata uwar sai ta fito fili an ga fuskarta tukuna. Iyaye suna roƙo Inna ta gaya wa yara cewa wannan al'adar da ce, yanzu an daina.

Inna ta ce, "Wa ya daina? Ni na daina? Dā kun ce ba su gane ba, yanzu kun ce sun gane da yawa. Malam, ku zaɓi ɗaya."

Malam ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce lokacin nata ne, ba mai taɓa shi. Yara ma sun ce in ba Inna ba su zuwa. Sai dai yana roƙon arziki, tatsuniya ta gaba a ɗan rage kalmomi masu wuya.

Ta ce, "Ta gaba a marina take. Akwai karofi, akwai baba, akwai mabuga, akwai wani abu da ke kwance a ƙasan rini yana jiran mai leƙe."

"Inna, a ina za mu samo karofi a Dokki?"

"Kai ne mai digiri. Nemo."

Wadda abin ya fi shafa ita ce Eman. Fauziyya 'yar fari ce, kuma Eman irin matan nan ne da ke kiran 'ya'yansu daga baranda har unguwa ta haddace sunan. Kwana da kwanaki tana "Fauziyya! Ya Fauziyya!" yarinya tana ƙasa tana wasa, ko ɗaga kai ba ta yi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ƙara wurin Hajja. Hajja ta ce ita ba ruwanta, ba ita ta ce a riƙa shelar sunan 'yar fari kamar mai tallan gas ba.

Jiya da la'asar ina zaune a taga, kwando ya sauko ya tsaya, da ƙosai. Ina cikin ɗauka na ji Eman ta fito baranda a samana. Ta ja numfashi, sannan ta ƙwala da iyakar ƙarfinta:

"Ke! Wannan!"

Rabin titi ya ɗaga kai: mai kanti, Hussain mai tuk-tuk, wasu 'yan Sudan biyu da ke shan shayi. A cikinsu Fauziyya ce kaɗai ta ce, "Na'am, Mama," ta kama hanyar bene.

Daga can ciki na jiyo muryar Inna tana cewa, "Ki rage ƙarfi dai. Alkunya ba da ihu ake yin ta ba."